Masu kwaikwayon kwalkwali har da aibinsa

A ƙasashen Turai da Amurka akwai wasu magidanta masu aiki da iyali waɗanda, in sun tashi daga buro da marece, ba su nufar majalisar abokai. Sai su shige gareji, su rufe hanci da baki, su ɗauki wani ƙoƙon roba mai girman ƙwarya su yi ta guga har dare ya raba. Cikinsu akwai likita, akwai malamin makaranta, akwai mai kanti. Abin da suke ƙerawa kwalkwali ne, amma irin na wasa: kwaikwayon hulunan da aka gani bisa kawunan ƴan wasan silima. Ba ya tare sara, kuma ɗan kabu-kabun da ya dogara gare shi ya faɗi a kwalta sai dai a yi masa addu'a. Duk da haka mutum kan kwashe watanni yana fama da guda ɗaya, ya zuba masa kuɗin da suka isa sayen rago.

Wanda aka fi kwaikwaya shi ne farin kwalkwalin sojojin azzalumar daula na fim ɗin Star Wars, wanda George Lucas ya fitar a shekarar 1977. Wani mai zane, Ralph McQuarrie, ya zana siffar a takarda, aka gina ta da yumɓu da hannu, sannan a 1976 aka miƙa aikin ga Andrew Ainsworth, wani mai sarrafa roba a gefen birnin Landan. Ya fitar da guda 50 na roba mai launin kore-kore, aka fesa musu farin fenti, da wasu 6 na farar roba mai ƙyalli don waɗanda kyamara za ta matsa kusa da su. Aiki ne na gaggawa, domin ranar ɗaukar hoto ta ƙarato, kuma babu wanda ya zaci za a sake waiwayarsu bayan an gama.

Gaggawar nan ita ce yau ta zama wahalar masu kwaikwayo. Hannun mutum ba ma'auni ba ne, saboda haka kwalkwalin asali ya fito a karkace. Idon dama da na hagu ba su daidaita ba, kumatun ba girmansu ɗaya ba, kunnuwan da aka ɗaure da kusoshi masu murɗawa kowanne da irin zamansa. Layukan shuɗi da na toka da buroshi aka ja su, hannu yana rawa. Fentin ma bai kama robar sosai ba, ya yi ta ɓarewa wajen ɗaukar fim. Masana'antun kayan wasan yara da suka zo daga baya sun gyara duk wannan, suka fitar da hula santala mai daidaito, kuma nan take masu ido suka ce wannan ba shi ba ne. Wanda ya ƙware a wannan sha'awa karkatar yake nema. Yakan tsai da fim a kan hoto ɗaya, ya kusanto da shi, ya ƙirga layukan da ke gefen muƙamuƙi, ya gano cewa haƙoran da ke bakin hular toka-toka ne a fim na 1977, baƙaƙe a na 1980. Tela ya san wannan wahala: ɗinka riga mai kyau abu ne, ɗinka irin ta wani daidai wa daida, har da inda allurar mai ita ta kauce, wani abu ne dabam.

Hanyoyin ƙira uku ne suka fi yawa. Ta farko ita ce irin ta Ainsworth: a gasa fallen roba har ya yi laushi, a kifa shi bisa ƙirar da aka sassaƙa, inji ya zuƙe iskar da ke tsakani, robar ta lafe ta ɗauki siffa. Yawancin masu sha'awa ba su da wannan inji, sai su sayi gutattsarin a hannun mai shi, fuska dabam, ƙeya dabam, kunnuwa dabam, su datse da almakashi su harhaɗa. Ta biyu ta talaka ce. Akwai wata manhajar kwamfuta ta Japan mai suna Pepakura da ke warware siffar abu ta baje ta a takarda, sai mutum ya buga a kwali, ya yanka ɗaruruwan ƴan gutsattsari, ya lanƙwasa, ya manna kowane a lambarsa. In hular kwali ta tsaya sai a shafe ta da ruwan danƙo mai daskarewa da ake kira rezin, a shimfiɗa mata zaren gilashi daga ciki, daga waje kuma a laɓta mata mastik, irin wanda masu gyaran jikin mota ke cike lotsawa da shi. Ta uku ita ce ta zamani: injin da ke narka zaren roba yana gina abu shimfiɗa bisa shimfiɗa, kowace kaurinta kamar kashi ɗaya cikin biyar na milimita, ya kwana biyu ko uku yana aiki.

Ko wace hanya aka bi, a wuri ɗaya ake haɗuwa, wato guga. Nan ne masu zafin kai ke saki. Ana farawa da samfefa mai kaushi, lamba 80 ko 120, a koma 220, a koma 400, a fesa fentin share fage mai launin toka, wanda amfaninsa shi ne ya tona duk wani rami da ido bai gani ba. Sai a sake cikewa, a sake guga, a sake fesawa. Mutum kan yi wannan zagaye sau biyar ko shida. Wanda ya gaji ya ce fenti zai rufe sauran, ya yaudari kansa, domin fenti mai ƙyalli ba ya ɓoye aibi, faɗaɗa shi yake yi. Kuma ƙurar mastik da warin rezin ba abin wasa ba ne ga huhu. Ƙyallen da ake ɗaurawa lokacin hazo bai isa ba, sai takunkumi mai matata.

Abin da ya fi ba baƙo mamaki shi ne matakin ƙarshe. Bayan an sha wannan wahala hula ta yi sumul, sai mai ita ya shiga ɓata ta da gangan. Akwai wani mafaraucin mutane a fim na 1980, Boba Fett, wanda koren kwalkwalinsa ke da lotsawa a saman goshi da ɗimbin ƙarzuna. Mai kwaikwayo zai fara shafa fenti mai launin azurfa, ya ɗiga man goge haƙori ko mutardi a daidai inda kowane tabo yake a hoto, ya fesa launi na gaba, in ya bushe ya wanke man, azurfar ta leƙo kamar ƙarfen da ya sha duka. Launi bisa launi haka ake yi, kuma tabon da ya kauce da rabin santimita masu ido za su gane shi.

Sawa kuma wata azaba ce. Ciki zafi, gilashin ido yana yin raɓa da numfashi, har sai an dasa ƴan ƙananan fanka masu batir. Gani kaɗan ne. A fim na 1977 ma akwai wurin da wani soja ya buga kansa da saman ƙofa, aka bar shi haka har yau. To, don me? A 1997 wani Ba'amurke, Albin Johnson, ya kafa wata ƙungiya a jihar Karolina ta Kudu mai suna Runduna ta 501, wadda yau ke da ƴaƴa fiye da 10.000 a ƙasashe da dama. Ba a shiga sai an aika hotunan kaya ta kowace fuska, alƙalai su gwada su da rubutacciyar ƙa'ida, su karɓa ko su mayar. Ba su karɓar ladan fita. Wanda ya gayyace su sai ya ba da sadaka ga wata ƙungiyar agaji, kuma sukan ziyarci yara marasa lafiya a asibiti. Aikinsu ya kai inda, da masu shirya The Mandalorian suka rasa isassun kayan sojoji, ƴan ƙungiyar aka kira suka zo da nasu.

Ɗan kasuwa zai tambaya: siffar ta wa ce? An kai wannan magana gaban alƙali. A 2004 Ainsworth ya fara sayar da sababbin huluna, kamfanin Lucasfilm ya kai shi ƙara a Kaliforniya, a 2006 aka yanke masa biyan dalar Amurka miliyan 20, wato sama da miliyar 10 na sefa a canjin wancan lokaci. Da yake ba shi da dukiya a Amurka, shari'a ta koma Ingila. A watan Yuli na 2011 kotun ƙolin ƙasar ta ce kwalkwalin ba sassaƙar fasaha ba ne, kayan aikin fim ne, kariyarsa ta shekara 15 kuma ta ƙare tuni. Ya samu damar sayarwa a gida, amma ba a Amurka ba.

Mai karatu na Damagaram ko Maraɗi ba baƙo ba ne ga kwalkwalin da ba ya zuwa yaƙi. Na ƴan lifidi, wanda ake cusawa da tsummoki, a ɗora masa farin ƙarfe ko tagulla, a soka gashin jimina a ƙololuwa, an yi shi ne don tare takobi da kulki. Tun da Faransawa suka shiga Damagaram a 1899 aikin nan nasa ya fara ƙarewa, ya koma kayan hawan salla. Ke nan duk wanda aka ɗinka bayan haka kwaikwayo ne na wani da ya gabace shi, kuma kowane maɗinki yana da damar ragewa ko ƙarawa gwargwadon abin da ya samu a kasuwa. Bambancin shi ne hular roba ta 1976 an auna ta ta kowace kusurwa, an rubuta launinta da lambar gwangwanin fenti, alhali tsohon kwalkwalin da ke rataye a ɗakin kayan doki na wani basarake ƙa'idarsa a kan maɗinkin lifidi da maƙerin fari take. Tsumma kuwa gara tana cinsa, gashin jimina yana karyewa. Abin da aikin ke bukata bai fi ƙarfin ma'aikaci ɗaya mai hutun Asabar ba: izinin mai gida, ma'aunin tela, sikelin mai kanti, hoto ta fuska huɗu da na ciki, da littafi da za a rubuta sunan kowane sashe kamar yadda tsohon maɗinki ya faɗe shi.