Gam Ɗin Likita Daban, Na Kasuwa Daban

'Yan'uwa manoma da makiyaya, lokacin girbi ya zo, kuma mun san yadda lauje da magirbi suke yi wa hannu. A yawon da muke yi cikin ƙauyukan Illela mun ga wata al'ada da ta dame mu. Mutum ya yanke, sai a aiki yaro wurin mai tebur ya sayo Super Glue a liƙe ciwon. Wani maigida ya ce mana, "Malam, ai likitoci ma haka suke yi."

Akwai ƙamshin gaskiya a maganarsa. Wani Ba'amurke, Harry Coover, shi ya gano wannan sinadari a 1942, kuma an tsayar da jinin sojoji da irinsa a yaƙin Biyetnam. A 1998 Amurka ta yarda likitoci su riƙa rufe yanka da wani mai suna Dermabond. Amma wannan an harhaɗa shi ne musamman domin fatar mutum. Na kasuwa na gyaran takalmi ne da rediyo, yakan yi zafi in yana bushewa, ya ɓata naman wurin.

Ko na likitan ma ba kowane ciwo ake sa wa ba. Sai yanka mai tsabta, marar zurfi, wanda bakinsa ke haɗuwa kuma jini ya tsaya, kamar na goshin yaro. Ba a sa shi a cizon kare, ko sukar ƙaho ko ƙusa, ko kan gwiwa inda fata ke miƙewa.

Abin da ya fi ba mu tsoro shi ne sarƙewar haƙora. Ƙwayoyin cutar suna cikin ƙasa da kashin dabbobi, kuma inda iska ba ta shiga nan suke yaɗuwa. To, ku dubi ƙasar da ake takawa a karar shanu ta Illela. Wanda ya liƙe ciwo da dattinsa ya kulle ɓarawo ne cikin ɗaki.

Ra'ayinmu dai, ya kamata hukumar lafiya ta sa gam ɗin likita a ƙananan asibitocin karkara, ta koya wa malaman asibiti aiki da shi. Ba allura, ba zare, ba komawa cire ɗinki, domin yana faɗuwa da kansa cikin kwana 5 zuwa 10. Yana da tsada, gaskiya ne, amma kuɗin mota sau biyu ma ba arha ba ne, balle ranar aiki da aka rasa.

Kafin nan, in an yanke, a danne wurin da tsumma mai tsabta har jini ya tsaya, a wanke da ruwa mai kyau da sabulu, kada a zuba toka ko ƙasa. A kai mutum asibiti a ranar, a kuma tambayi allurar rigakafin sarƙewar haƙora.