Wa Ke Tsaron Lafiyar Gandiroba?

A duk lokacin da labari ya bazu cewa fursunoni sun ɓalle daga wani gidan yari, abu na farko da jama'a kan tambaya shi ne, ina gandirobobi suke? Haka aka yi a watan Afrilun 2021, sa'ad da 'yan bindiga suka fasa gidan yarin Owerri, fursunoni fiye da 1,800 suka tsere. Haka kuma aka yi a watan Yulin 2022, da aka kai hari gidan yarin Kuje kusa da Abuja, inda sama da 800 suka fice. Tambayar tana bisa hanya, amma akwai wata wadda ba a cika yi ba, wato a wane hali mutumin da aka damƙa wa makullan yake ciki, a jikinsa da zuciyarsa? Kimiyya tana da abin faɗa a nan, kuma abin da ta nuna shi ne, gajiyar da ke cinye ma'aikacin gidan yari daga tsarin aikin take tasowa, don haka tsarin ne ke buƙatar gyara.

Domin a fahimci al'amarin, ya kyautu a fara duba yadda jikin ɗan Adam yake karɓar matsi. A shekarar 1936, wani masani mai suna Hans Selye, wanda ke bincike a birnin Montreal na ƙasar Kanada, ya lura cewa ko wace irin wahala aka ɗora wa ɓerayen gwaji, sanyi ne ko rauni ko guba, jikinsu kan mayar da martani iri ɗaya, a matakai uku. Da farko jiki ya zabura, daga nan ya daure yana jurewa, in kuwa wahalar ta ƙi ƙarewa sai ƙarfinsa ya ƙare. A jikin mutum, idan ƙwaƙwalwa ta hango haɗari, wasu 'yan halittu biyu da ke zaune a saman ƙoda sukan zubo sinadaran adiranalin da kotizol cikin jini. Nan take zuciya ta ƙara bugu, numfashi ya yi sauri, sukari ya ƙaru a jini, domin mutum ya sami ƙarfin gudu ko kare kansa. Wannan baiwa ce ga wanda ya yi arangama da maciji a gona, domin da haɗarin ya wuce jiki zai koma daidai. Illar tana zuwa ne idan zaburar ta zama ta kullum. Masana sun danganta irin wannan da hawan jini, ciwon zuciya, rashin barci da raunin garkuwar jiki.

Mataki na ƙarshen nan, idan aiki ne ya jawo shi, masana sun ba shi suna na musamman, wanda za a iya kira da Hausa ƙonewar kuzari, kamar fitilar da mai ya ƙare mata har wuta ta koma cin lagwani. Herbert Freudenberger ne ya yi bayaninsa a 1974, bayan ya ga yadda masu aikin sa-kai a wani asibitin kyauta na birnin New York suke zuwa da himma, a hankali su zama ba su da sauran karsashi. A 1981 kuma Christina Maslach da Susan Jackson suka fito da ma'aunin da ke gwada alamunsa guda uku: gajiyar da barci ba ya maganinta, bushewar zuciya ga mutanen da ake yi wa aiki, da jin cewa aikin ba shi da wani amfani. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya shi cikin kundinta, ta bayyana shi a matsayin larurar da ke tasowa daga matsin wurin aiki wanda aka kasa shawo kansa.

To, me ya sa aikin gidan yari ya fi yawancin ayyuka jawo wannan larura? A 1979 Robert Karasek ya nuna cewa aikin da ya fi cutarwa shi ne wanda nauyinsa ya yi yawa, alhali mai yin sa ba shi da ta cewa a kan yadda ake gudanar da shi. Wannan siffa kamar don gandiroba aka yi ta. Ba shi ke zaɓen wanda za a kawo masa ba, ba shi ke sa ranar shari'a ba, ba shi ke yanke kuɗin abinci ko na magani ba, amma shi ne fuskar da fursuna ke gani idan abinci ya gaza ko shari'a ta yi jinkiri. Dole idonsa ya kasance a buɗe daga karɓar aiki har miƙa shi, ga kwanan aiki da ke hargitsa barci. Bugu da ƙari, ana so ya zama mai tsaro marar sassauci, a kuma lokaci guda ya zama malami mai gyaran hali. Hasali ma, wanda ya yi shekara talatin yana wannan aiki ya daɗe a cikin katangar fiye da akasarin waɗanda ya tsare.

A Nijeriya nauyin ya ninka. An shafe shekaru kusan kashi biyu cikin uku na mazauna gidajen yarin ƙasar masu jiran shari'a ne, kuma mutumin da bai san ranar fitarsa ba ya fi wuyar lallashi. Gidaje da dama, musamman na manyan birane, suna ɗauke da mutane fiye da adadin da aka gina su dominsa, wasunsu kuma tun zamanin Turawa suke tsaye. A watan Afrilun 2024 ruwan sama ya rushe katangar gidan yarin Suleja, fursunoni fiye da 100 suka gudu, a watan Satumba na wannan shekarar kuma ambaliyar Maiduguri ta yi irin wannan ɓarna. Ma'aikacin da ya san katangarsa ba ta da ƙwari, ko yana gida hankalinsa ba ya kwanciya. Ko a ƙasashen da suka fi wadata ma lamarin bai yi sauƙi ba. Wani bincike da Amy Lerman ta Jami'ar Kalifoniya ta gudanar a 2017 a kan gandirobobin wannan jiha ta Amurka ya gano cewa kusan ɗaya cikin uku yana da wata alama ta firgicin da kan biyo bayan mummunan tashin hankali, ɗaya cikin goma kuma ya taɓa tunanin kashe kansa.

Wani zai ce, ai fursuna ya fi gandiroba shan wahala, kuma akwai gandirobobi masu duka da karɓar na goro, don me za a tausaya musu? Gaskiya ne, kuma gajiya ba ta wanke mai zalunci daga laifinsa. Amma a sake duban alama ta biyu, wato bushewar zuciya. Ma'aikacin da kuzarinsa ya ƙone yakan daina ganin mutum a gabansa, sai lamba kawai, kuma daga nan zuwa cin zali tazarar kaɗan ce. A 1971 Philip Zimbardo ya raba ɗalibai a Jami'ar Stanford gida biyu, wasu fursunoni wasu masu tsaro, amma gwajin da aka shirya yi na mako biyu sai aka tsayar da shi bayan kwana shida saboda wulaƙancin da ya ɓarke, kuma Maslach ɗin nan ce ta nace a dakatar. Daga baya masana sun soki gwajin, sun nuna cewa an zuga masu tsaron su tsananta, amma ko wannan sukar ta tabbatar da cewa umurnin na sama da yanayin wuri suna sarrafa halin mai tsaro. Saboda haka kula da lafiyar gandiroba kariya ce ga fursuna, kariya ce kuma ga unguwar da fursunan zai koma.

A 2019 an yi dokar da ta sauya sunan hukumar gidajen yarin Nijeriya zuwa hukumar gyaran hali, ta kuma tanadi hukunce-hukuncen da ba na ɗauri ba, kamar yi wa al'umma hidima. Idan alƙalai suka yi amfani da wannan tanadi ga masu ƙananan laifuffuka, aka kuma hanzarta shari'a, cunkoso zai ragu, nauyin kowane ma'aikaci ya ragu tare da shi. Bayan wannan, wajibi ne a ƙayyade awannin aiki, a tabbatar da hutun shekara, a biya albashi da alawus a kan kari, a kuma samar da masanin halayyar ɗan Adam wanda ma'aikaci zai gana da shi a asirce, musamman bayan hari ko tarzoma, ba tare da an ɗauke shi rago ba. Ƙa'idojin Nelson Mandela, waɗanda Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015, sun nemi a kyautata albashi da yanayin aikin waɗannan ma'aikata saboda tsananin aikinsu. Ƙasar Norway takan horar da gandiroba har shekara biyu kafin ta damƙa masa makulli. Ya kamata kuma shugabanni su riƙa jin shawarar na ƙasa, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Malamin sakandare da ke fama da aji mai ɗalibai ɗari ba zai rasa gane wasu daga cikin alamun nan a jikinsa ba, domin malamai da ma'aikatan jinya suna cikin waɗanda masana suka fi nazari a kansu. Ɗalibai kuwa, a cikinsu akwai 'ya'yan gandirobobi, akwai kuma waɗanda gobe za su zama alƙalai, likitoci da 'yan majalisa, waɗanda yawan fursunoni da kasafin gidajen yari za su ratsa ta hannunsu. Kyakkyawan abu ne su san tun yanzu cewa gyaran halin fursuna yana wuyan ma'aikaci ne, kuma ma'aikacin da aka bari kuzarinsa ya ƙone ba zai iya sauke wannan nauyi ba.