An Sallame Shi, Sai Kuma Me?



Akwai maganar da duk mai jinya yake ɗokin ji daga bakin likita, wato a ce masa an sallami marar lafiyarsa. Ranar nan uwa za ta naɗe tabarma, ta ƙulle kwanuka da fulas a zani, uba ya tsayar da mai babur, a isa gida maƙwabta su yi ta shigowa barka da arziki. To ni dai wannan kalma ta "an sallame shi" ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, musamman in ciwon da aka yi jinyarsa sanƙarau ne.

Mutanen Gwandu ba sa buƙatar in tuna musu bazarar 2025. A watan Maris na shekarar hukumomin lafiya na jihar Kebbi suka sanar da rasuwar mutum 26 daga cikin 248 da ake zaton sun kamu da sanƙarau. Mutum 15 daga cikin mamatan 'yan ƙaramar hukumar Gwandu ne, sauran daga Jega da Aliero da Argungu. Adadin bai tsaya nan ba, har jami'ar Aliero sai da aka rufe ta, ɗalibai suka watse. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. An ƙirga su, an karanta a labarai, an yi ta'aziyya.

Amma ku ɗebe 26 daga 248. Saura 222. Ina suke? Waɗanda suka rayu dai, amsar ɗaya ce, an sallame su. An sallame su, an rufe fayil, an naɗe tanti, motocin da suka zo da jiniya sun koma inda suka fito.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a cikin mutum biyar da suka tashi daga irin wannan sanƙarau, ɗaya yakan fita da tabon da zai daɗe tare da shi, wani ma har kabari. Kurumta, farfaɗiya, raunin hannu ko ƙafa, matsalar gani, nauyin baki, ko yaro ya koma ba ya riƙe karatu. Na san ba duk waɗanda aka zata ne aka tabbatar sanƙarau ke damunsu ba. To mu ce rabinsu ne. Ku yi lissafin da kanku, za ku ga mutum ashirin da 'yan kai, daga wannan sanarwa guda ɗaya tak. Wa ya koma ya duba su?

Ga yadda abin yake faruwa. Ƙwayar cutar nan tana zaune a maƙogwaron mutane da yawa lafiya lau, ba ta taɓa su, su ma ba su san da ita ba. In hunturu ya busar da hanci da maƙogwaro, ƙura ta kankare su, zafin bazara ya biyo baya, ga ɗaki cike da mutane an toshe taga, sai ta sami kafa ta faɗa jini. Daga jini ta haura zuwa tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka. Tantanin ya kumbura, wuya ya sanƙare, kai ya yi kamar zai tsage, jariri kuwa maɗigarsa ta taso. Allurar seftiriyazon tana kashe ƙwayar, Alhamdu lillahi, in an kai mutum da wuri. Sai dai allura ba ta gyara abin da kumburin ya riga ya ɓata. Can cikin kunne, bayan dodon kunne, akwai wani ɗan abu mai siffar katantanwa, cike da ruwa da wasu 'yan siraran gasu da ke mayar da ƙara ta zama saƙo zuwa ƙwaƙwalwa. In cutar ta kai can, gasun nan suka mutu, ba sa sake tsirowa. Abin da ya fi tayar da hankali, cikin makonni ko 'yan watanni katantanwar tana iya daskarewa ta zama ƙashi. In ta kai haka, ko na'urar da ake dasawa a kunne, wadda kuɗinta sai mai hali, da ƙyar likita zai sami hanyar cusa ta. Ashe ke nan ranar da aka ce an sallame shi, ranar ce ya kamata a fara duba kunnen.

Akwai wani yaro a unguwarmu da ba zan manta da shi ba. Kafin ciwon, in yana biya allonsa har ta katanga ake jin muryarsa. Ya yi sanƙarau, ya yi kwana goma a asibiti, aka sallame shi, aka yi sadaka. Bayan wata biyu sai aka fara cewa yaro ya lalace. Uwarsa ta kira shi daga madafa, bai amsa ba. A aike shi sayen gishiri ya dawo da omo. A makaranta malam ya yi tambaya, shi kuwa ya zuba wa bakin malam ido kamar mai son cinye shi, sai bulala. Na gan shi wata rana ana yi masa magana, ya karkata kai yana miƙo kunnen hagu, yana murmushin nan na wanda bai ji ba amma yana tsoron a gane. Kakarsa ce ta fara ɗagowa. Ta ce wa uban, "Kai, ka daina bugun yaron ga. Tun da ya tashi daga ciwon nan ko faɗuwar kwano ba ta firgita shi." Shekara guda ya sha duka a kan laifin da ba nasa ba. Ba wanda ya ce wa iyayen su dawo da shi a gwada kunnensa. A takardar da aka ba su, magani kawai aka rubuta.

Kada wani ya ce mini ilimin ne babu. Ilimi kam akwai shi, har ma a kanmu aka yi shi. Tun bayan annobar 1996, wadda ta kwantar da mutum sama da 100,000 a ƙasar nan ta kashe fiye da 11,000, masu bincike ba su zauna ba. An samar da rigakafin MenAfriVac, ya iso Najeriya a 2011, ya karya lagon nau'in A wanda shi ne ya fi yi mana ɓarna a da. Muna cikin murna, sai ga wani sabon iri na nau'in C ya ɓulla a jihar Sakkwato a 2013, ya gangaro Kebbi, ya tsallaka Nijar, ya kuma yi mummunan ta'adi a Zamfara da Sakkwato a 2017. Masana a birnin Oslo na ƙasar Norway suka ɗauki wannan ƙwaya suka karance ƙwayoyin halittarta kaf, suka wallafa a 2018 cewa asalinta 'yar zaman lafiya ce a maƙogwaro, sai ta kwaso wasu sassa daga 'yan'uwanta, ta yi wa kanta sulke, ta zama makashiya. Ku ji fa. Mutanen Oslo sun san asalin ƙwayar da salsalarta, mu kuwa ba mu san ko yaron da ta kama a Dalijan ko Kambaza yana jin kiran salla ba.

A wajen maƙwabtanmu na Madarunfa a jihar Maraɗi, a 2017, an gwada raba ƙwayar maganin sifiro ga mutanen ƙauye gaba ɗaya da zarar an sami mai cutar, aka ga kamuwa ta ragu da kusan kashi 60 cikin ɗari. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da rigakafin Men5CV, mai kare mutum daga nau'i biyar a allura ɗaya. Duk wannan abin yabawa ne, kuma duk wanda rigakafi ya zo ƙofarsa ya fito da 'ya'yansa. A watan Afrilun 2025, lokacin ma ba a gama zaman makoki a Gwandu ba, Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojinta na farko kan gano sanƙarau da jinyarsa da kula da wanda ya tashi. A ciki an faɗa ƙarara cewa a gwada jin wanda ya warke, a kuma sake ganinsa bayan ya koma gida. Takarda ta faɗa. Wa ya koma ya duba?

Mai laifin a wurina ɗabi'a ce, ɗabi'ar nan tamu ta 'yan kwana-kwana. In wuta ta tashi kowa ya ɗauko bokiti, manya su zo da rakiyar masu kyamara, a raba katifa da ruwan leda, a yi alkawari. Wuta na mutuwa kowa ya kama gabansa, ba mai waiwayar wanda ya ƙone. Ɗabi'ar nan tana ofis, tana ɗakin jinya, tana gidajenmu. Gawa tana da lamba a rahoto, ana ware kuɗi saboda ita. Kurma ba shi da lamba. Yarinyar da ta koma jan ƙafa ba ta da lamba. An sallame su.

Tun da na ambaci farfaɗiya, ku yi haƙuri in ɗan ratse, don wannan ta fi ƙona mini rai. Yaro ya yi sanƙarau ko zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa, ciwon ya bar masa tabo a kai, bayan watanni ya yanke jiki ya faɗi yana shure-shure. Nan take sai mu manta da asibitin da ya kwanta, mu ce iska ce, ya gamu, an yi masa jifa. Kowa ya ja da baya wai kada yawunsa ya taɓa shi. Jama'a, farfaɗiya ba a ɗaukar ta ta yawu, ba a ɗaukar ta ta kwano, ba a ɗaukar ta ta tabarma. Wutar saƙonnin ƙwaƙwalwa ce take rikicewa na ɗan lokaci. Wanda ya yi ƙarfin hali ya matso kuwa, me yake yi? Ya tura cokali a baki har haƙori ya karye, ko ya ɗura ruwa ko manja mutum yana cikin suma, abin ya wuce huhu, ko a turara masa hayaƙi. Abin da ake so kaɗan ne. A janye shi daga wuta da ruwa, a sa masa abu mai laushi a ƙarƙashin kai, in ya lafa a juya shi ya kwanta ta gefe, in ya wuce minti biyar bai daina ba a yi asibiti da shi. Ku je ɗakin masu ƙuna ku tambayi ma'aikatan jinya mata nawa suka gani da suka faɗa murhu suna tuƙa tuwo. Ga yarinya an hana ta makaranta, in ta isa aure a yi ta ɓoye-ɓoye, manemi na jin labari ya ɗauke ƙafa. Alhali masana sun ce har mutum bakwai cikin goma za su iya rabuwa da faɗuwa in suna shan magani kullum ba fashi, kuma wasu magungunan, irin su fenobabiton, ba su kai kuɗin katin waya ba. Ban hana kowa addu'a ba, ni ma ina yi. A yi tofi, a kuma haɗiyi ƙwaya. Abin da na ƙi shi ne a sayar da akuya a kai wa mai cire aljani, a ce ba kuɗin mota zuwa asibitin Ƙware.

To mu dawo. Ni ban ce a gina sabon asibiti ba, kada a ce mai sharhi ya zo da mafarki. Kalgo ga babban asibiti, ga Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2013 da ɗalibanta masu karatun lafiya. Birnin Kebbi ga asibitin koyarwa. Wanda ruwa ya taru a kansa bayan ciwo, ga cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. A Kano, likitocin asibitin Malam Aminu Kano tare da abokan aikinsu na jami'ar Vanderbilt ta Amurka sun horar da ƙananan ma'aikatan lafiya na unguwa su gano farfaɗiyar yara su kuma ba da magani, tun da likitocin ƙwaƙwalwa a Arewa ba su taka kara sun karya ba. Abin da aka yi a Kano me zai hana a yi shi a Diggi da Dangoma?

Sunayen waɗanda aka kwantar a 2025 suna nan a rajista, da garuruwansu. Mu da muka bi gida-gida shekara da shekaru da alli muna zana katanga saboda shan-inna, har lungun da mota ba ta shiga, bin mutum ɗari biyu ne zai gagare mu? Ina roƙon malaman jami'a, duk shekara ɗalibanku suna neman abin da za su rubuta kundin kammala karatu a kai, wasu har kwafo na wasu suke yi. Ga kundi nan a kwance a Gwandu. Ku tura su su gano nawa ne suka kurumce, nawa ke faɗuwa, nawa suka bar makaranta. Ina roƙon masu riƙe da lalitar lafiya, in za a ware kuɗin annoba a bar wani abu na bayan annoba, ko da na'urar gwajin ji guda ɗaya ce da mai sarrafa ta. Ina roƙon mai rubuta takardar sallama ya ƙara layi ɗaya, ranar dawowa, ya kuma faɗa wa uwar da baki, don ba kowa ke karanta rubutun likita ba. Hakimai da limamai, ku da kuka taya shelar rigakafi, ku taya wannan ma. Malaman makaranta, na boko da na allo, kafin ku ɗaga bulala a kan yaron da ba ya amsawa, ku tambaya ko ya taɓa kwanciya asibiti.

Ke kuma uwa, ba sai kin jira kowa ba. In ɗanki ya taɓa yin sanƙarau, yau da dare in gida ya yi tsit, ki tsaya a bayansa inda ba ya ganin bakinki, ki kira sunansa a hankali, sau ɗaya ta dama, sau ɗaya ta hagu. In bai waiwayo ba, gobe da safe ki nemo takardar nan da aka ba ku ranar sallama, ki ce wa babansa a mayar da shi asibiti, kuma da kun shiga ki fara gaya wa likita cewa yaron nan ya yi sanƙarau.