Manhajar sata ba araha ba ce

Duk wanda ya taɓa kawo maganar Linux ko LibreOffice a gaban masu sayar da kwamfuta a Titin Beirut na Kano, ko a gaban malamin kwamfuta na wata sakandare, ya san amsar da za a ba shi. Wani zai ce araha ba ta ado, abin da ake rabawa kyauta ina zai yi ƙarko. Wani kuma, wanda ya fi shi wayo, dariya zai yi ya ce ai mu nan Windows ma kyauta ce: ka ba yaron shago ɗan kuɗin aiki, ya zura filas, kafin la'asar ya loda maka Windows da Office da CorelDraw da Photoshop, duk an fasa makullinsu. To me za a yi da baƙuwar manhajar da babu wanda ya iya? Wannan ra'ayi ya zauna daram a shaguna da makarantu da ma'aikatu, kuma a ganina yana cikin manyan abubuwan da suka tauye ilimin kwamfuta a ƙasar nan.

Mai maganar ƙarko ba ya buƙatar doguwar amsa. Wayar Android da ke aljihunsa a kan Linux take tafiya, manhajar da wani ɗalibi a Jami'ar Helsinki, Linus Torvalds, ya fara rubutawa a 1991 ya saki ga kowa. Tun Nuwamba 2017, kwamfutoci 500 mafiya ƙarfi a duniya duk da Linux suke aiki. Alƙaluman da ma'aikatan lafiya ke turawa daga asibitoci a Najeriya da Nijar, cikin DHIS2 suke shiga, buɗaɗɗiyar manhajar da Jami'ar Oslo ke jagorancin ginawa. SORMAS, da hukumar NCDC ke bibiyar annoba da ita, bayan Ebola ta 2014 aka ƙirƙire ta tare da masana na Najeriya da na Jamus, kuma ita ma a buɗe take. Shi kansa kamfanin Microsoft, wanda shugabansa na lokacin Steve Ballmer ya kwatanta Linux da ciwon daji a 2001, ya shiga Gidauniyar Linux a 2016, ya kuma sayi GitHub, babban dandalin masu rubuta irin wannan manhaja, a kan dala biliyan 7.5 a 2018. Wanda ya biya wannan kuɗi ba ya ganin abin a matsayin tarkace.

Mai dariyar ne abokin gardamata, domin maganarsa tana da kamar gaskiya. Abin da bai sani ba shi ne, mai kayan ya daɗe da sanin ana satar, kuma ya yi lissafinsa. A 1998, a Jami'ar Washington, Bill Gates na Microsoft ya yi magana kan yadda mutanen Sin ke amfani da manhaja ba sa biya. Abin da ya ce a taƙaice shi ne, tunda dai satar za su yi, gara su saci tasa, su saba har su kasa rabuwa da ita, daga baya a san yadda za a karɓi kuɗin. Duba yadda abin ya tafi a nan. Yaro ya shiga ajin kwamfuta, an koya masa inda ake dannawa a Word da Excel, an ba shi satifiket. Ya girma ya zama akawu, ya zama darakta, ya zama mai sa hannu a kwangila. Ranar da ma'aikatarsa ko bankinsa ko jami'arsa ta kai girman da sata ba za ta ɓoyu ba, ba ya tunanin akwai wani zaɓi. Sai a biya lasisi, kuma farashin da dala ake yanka shi. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. A 2024 ta haura 1,500. Manyan kamfanonin kuma sun koma tsarin haya, kamar yadda Adobe ya yi tun 2013: ba a sayar maka, kowane wata ko kowace shekara za ka biya, ranar da ka daina a rufe.

Ya kamata a fayyace abin da ake nufi da buɗaɗɗiyar manhaja, don da yawa suna ɗauka rashin biyan kuɗi ne kawai. Kowace manhaja tana da rubutun tushe, wato umarnin da mai gina ta ya rubuta layi-layi. Kamfanonin rufaffiyar manhaja suna ɓoye wannan rubutu. Wajen 1980, a cibiyar MIT ta Amurka, wata na'urar buga takardu ta Xerox ta riƙa cin takarda tana tsayawa, Richard Stallman ya nemi rubutun tushenta don ya gyara yadda take sanar da mutane, aka hana shi. Wannan na cikin abin da ya kai shi ga kafa shirin GNU a 1983, da lasisin GPL a 1989. Sharaɗin shi ne kowa yana da damar ya yi amfani da manhajar, ya karanta cikinta, ya gyara, ya kuma raba wa wasu, har da abin da ya gyara. Manomi zai gane bambancin nan take. Akwai irin da za ka shuka, ka zaɓi zangarniya mai kyau ka ajiye na baɗi, ka ɗibar wa maƙwabci. Akwai kuma wanda dole kowace damina ka koma shago. Wanda ya saci na biyun bana, baɗi ma shagon zai koma.

Kuma satar kanta tana da kuɗinta, sai dai ba a rasit ake rubuta shi ba. Tsaya kusa da yaron shago ka ga yadda yake aikin. Kafin ya kunna ɗan abin da ke fasa makullin, sai ya kashe manhajar kariya daga bairos, domin in bai kashe ba za ta kama shi ta goge. Wato da hannunsa yake buɗe wa wani shirin da bai san wanda ya rubuta ba ƙofar kwamfutarka gaba ɗaya. Sau da yawa kuma sai ya toshe hanyar sabuntawa, ya gargaɗe ka kada ka taɓa, don kada kamfani ya gano. Da wannan kwamfuta za a buga sakamakon jarrabawa, a ajiye bayanan marasa lafiya, a shiga asusun banki. Wanda ya taɓa kai filas shagon buga takardu ya dawo ya tarar fayilolinsa sun ɓace, sai wasu gumaka marasa buɗuwa, ya ga ƙaramin sakamakon. Babban kuwa an gan shi a Mayun 2017, lokacin da bairos mai suna WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe sama da 150, ta sa asibitocin Ingila soke ganin likita kusan 19,000. Microsoft ya fitar da maganin ɓarakar Windows da ta bi ta shiga tun watan Maris. Waɗanda ba su sabunta ba ne abin ya ci. Mu kuwa rashin sabuntawa ka'idar aiki ce a wurinmu.

Ga wata kuma a ƙofar gida. Ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ya sa a matsayin ƙarshen tallafin Windows 10 na yau da kullum, ita kuma Windows 11 ba ta yarda da yawancin kwamfutocin da aka ƙera kafin 2017 ko 2018 ba. Su ne fa na hannu da ke cike da kasuwanninmu, su ne a ɗakunan kwamfuta na makarantu. Lafiyarsu ƙalau. Linux Mint ko Ubuntu za su hau kansu su yi aiki, da sabuntawa ta halal, ba tare da an biya kowa ba.

Idan ana ganin kamfanoni ba su damu da abin da yaranmu ke koya ba, a tuna 2007. Kamfanin Mandriva na Faransa ya ci cinikin saka Linux a kan ƙananan kwamfutocin Classmate 17,000 na makarantun Najeriya. Ana cikin haka sai aka sanar da shi cewa za a biya shi, amma bayan an karɓi kayan za a goge a saka Windows. Shugaban kamfanin, François Bancilhon, ya rubuta wa Ballmer buɗaɗɗiyar wasiƙa da ta zagaya duniya. Microsoft ya ce bai karya wata doka ba. Ko ma mene ne ya faru a bayan fage, babu mai yin kokawa kan kwamfutocin 'yan firamare sai wanda ya san darajar abin da yaro ya fara sabawa da shi.

Ban ce hanyar shimfiɗaɗɗiya ba ce. Mai maɗaba'ar da duk abokan cinikinsa da fayil ɗin CorelDraw suke zuwa ba zai koma Inkscape a dare ɗaya ba, kuma ba zan ga laifinsa ba. Takardar Word mai tebura da yawa takan ɗan karkace a LibreOffice. Birnin Munich ya koma Linux, sannan a 2017 majalisarsa ta zaɓi komawa Windows, masu adawa kuma ba sa gajiya da ambaton wannan. Abin da ba sa ambato shi ne jandarmomin Faransa, waɗanda suka fara da OpenOffice a 2005, suka bi da Ubuntu a hankali, har kwamfutocinsu dubun-dubatai suka koma kanta suka zauna. Ko jihar Schleswig-Holstein ta Jamus da ta yanke a 2024 cewa kwamfutocin gwamnatinta kusan 30,000 za su bar Microsoft Office. Ko jihar Kerala ta Indiya da ta daɗe da mayar da makarantun gwamnati kan buɗaɗɗiyar manhaja. Su ma ba talauci ne kaɗai ya kai su ba. A Oktoban 2019 Adobe ya sanar da rufe asusun masu amfani da shi a Venezuela saboda takunkumin Amurka, kafin daga baya a sassauta. Duk gwamnatin da ta ga haka ta san makullin ofishinta yana hannun wani. Ina mamakin yadda ƙasashen Sahel da ke ta maganar 'yancin kai ba a cika jin wannan batu a bakinsu ba.

Saboda haka ba da mai maɗaba'a nake ba, da masu tsara manhajar karatu da masu sayen kayan gwamnati nake. Babu dalilin da zai sa a koya wa yaro sunan kayan kamfani ɗaya a ce an koya masa kwamfuta. A koya masa rubutu da lissafi a LibreOffice, zai iya Word cikin yini guda in aiki ya buƙata, kuma zai san akwai zaɓi. Ɗalibin kimiyyar kwamfuta a Zariya ko Maraɗi yana iya buɗe cikin Linux ya karanta, ya lalata, ya gyara. Cikin Windows kuwa ko farfesansa bai isa ya leƙa ba sai da izinin kamfani. Mai son ganin allon kwamfuta da Hausa, da ƙ da ɗ da ɓ a mazauninsu, yana iya zama ya fassara LibreOffice ko ya gina mata ƙamus ɗin gyaran rubutu ba tare da neman izinin kowa ba. Ma'aikatu kuma su wajabta ajiye takardun hukuma a tsarin ODF, wanda hukumar ISO ta amince da shi tun 2006, kowace manhaja kuma tana iya buɗewa. Duk manhajar da aka biya ɗan kwangila ya rubuta da kuɗin jama'a, a sa a yarjejeniya cewa zai miƙa rubutun tushenta a buɗe, don jihar da ke maƙwabtaka ta ɗauka ba sai ta sake biya ba. Kuɗin lasisin da aka rage a ɗauki yaran shagon nan da shi, a horar da su, su riƙa kula da kwamfutocin makarantu da asibitoci a kan albashi.