Gashin Kyanwa da Hantsar Akuya

  

Ya ɗan'uwana mai karatu, wani ɗalibina ne ya tsayar da ni bayan darasin Asabar, yana murmushi, ya miƙo mini wayarsa don in yaba masa. Hotuna biyu ne na 'yar kyanwa ɗaya, irin 'yan Farisa masu dogon gashi da ake tallarsu a Instagram. A na farko akwai wani fili bayan kunnenta, zagayayye kamar kwabo, gashin ya zube, fatar ta yi fari-fari. A na biyu babu shi. Mai sayar da magunan ne yake biyansa ya gyara hotuna kafin a saka talla. Da ya ga fuskata ta canza sai ya ce, "Malam, ai kyanwa ce, ba mutum ba."

Aikin ba shi da wuya. Manhajar Photoshop, wadda ta fito kasuwa a 1990, tana da wani hatimi da ke kwafo gashi daga inda yake da lafiya ya dasa shi inda ya zube. Daga 2023 kuwa, kewaye wurin kawai za ka yi, manhajar ta ƙirƙiro gashin da kanta, har da inuwarsa.

Ba zan shiga saɓanin malamai kan hukuncin hoto ba a yau. Kuma ban yarda da masu cewa wannan canza halittar Allah ne ba, domin kyanwar tana nan yadda take, ba a taɓa ko silin gashinta ba. Wanda ya ƙara wa hoton magensa haske, ko ya goge ƙurar da ta hau bayanta don ya ajiye abinsa, ba ni da magana da shi, illa in ce ya tausaya wa lokacinsa. Maganata da wanda ya goge aibi ne don wani ya zaro kuɗi.

Wannan dabara ta girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. Larabawa sukan bar raƙuma ko akuya kwanaki ba a tatse ta ba, hantsarta ta cika ta batse, mai saye ya zaci sarauniyar nono ya samu. Sunanta tasriya. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi (SAW) ya hana ta, ya kuma ba mai saye zaɓi bayan ya tatsa: ko ya riƙe, ko ya mayar ya haɗa da sa'i ɗaya na dabino a madadin nonon. Lura da kyau, mai tasriya bai furta ƙarya ko ɗaya da bakinsa ba. Hantsar ya bari ta yi masa ƙaryar. To mene ne bambancinsa da wanda ya bar hoto ya yi masa? Duk wanda ya karanta babin ciniki a Risala ta Ibn Abi Zaid ya san ɓoye aibi da algus a layi ɗaya aka jera su.

Sai ka ce, ai mai saye zai gani da idonsa. Yaushe? An tura kuɗi ta banki, an ɗoro ta a mota daga wani gari, yara sun yi mata suna tun kafin ta iso. Wa zai iya ƙwace ta daga hannunsu?

Ga inda abin ya fi ci mini rai. Irin wannan fili a jikin kyanwa sau da yawa makero ne, kuma masu dogon gashi sun fi saurin kamuwa da shi. Makero yana tsallakawa daga dabba zuwa mutum, yara ne kuma kan gaba, su da ke rungumarta suna kwana da ita. Maganinsa yakan ɗauki makonni, ƙwayoyinsa kuma suna iya zama a shimfiɗa da kujeru wata da watanni. Ashe ba gashi kaɗai ɗalibina ya dasa ba, gargaɗi ya goge, wanda da uwa ta gani da ta ce a dakata.

Ita kanta kyanwar fa? Rabin sa'ar da aka ɓata ana shafe ciwonta a allo ta isa a kai ta wurin likitan dabbobi. Mu ne muke koya wa yara labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha, sannan mu zo mu yi wa marar lafiya kwalliya a hoto mu bar ta da ƙaiƙayinta.

Ɗalibin nawa ya ce shi ɗan aiki ne, laifin na mai kaya ne. Na tambaye shi ko ya san dalilin da ya sa aka ce ya goge wurin. Ya sunkuyar da kai, ya ce ya sani. Na ce to ya mayar masa da hoton farko, ya gyara hasken idan yana so, ya bar kwabon nan inda yake.