Yaƙin Sudan Da Makomar Sadarwa: Darasi Ga 'Yan Kasuwar Kan Iyaka

A farkon watan Fabrairun 2024, kusan wata goma da ɓarkewar yaƙi tsakanin sojojin Sudan na Janar Abdel Fattah al-Burhan da dakarun RSF na Janar Mohamed Hamdan Dagalo, manyan kamfanonin wayar ƙasar guda uku, wato Sudani da MTN da Zain, suka ɗauke ɗif ɗaya bayan ɗaya. Gwamnati ta ce dakarun RSF, waɗanda a lokacin suke riƙe da mafi yawan birnin Khartum, su ne suka kashe cibiyoyin na'urorin kamfanonin, su kuma suka musanta. Ko ma dai wane ne ya yi, miliyoyin jama'a sun wayi gari babu kira, babu intanet, kuma babu hanyar taɓa kuɗinsu.

Idan mai karatu bai manta ba, wannan ba shi ne karo na farko ba. Bayan kisan masu zaman dirshan a ƙofar hedkwatar soja ranar 3 ga Yunin 2019, an rufe intanet na wayoyin hannu fiye da wata guda. Har wani lauya mai suna Abdelazim Hassan ya kai kamfanin Zain kotu ya yi nasara, amma aka buɗe masa layinsa shi kaɗai. Haka aka sake rufewa fiye da mako uku bayan juyin mulkin 25 ga Oktoban 2021. Bambancin na 2024 shi ne, a wannan karon rayuwar mutane ta riga ta koma cikin waya. Bankunan Khartum an wawashe su, takardun kuɗi sun yi wuya, saboda haka cinikin gawayi da albasa da magani duk ya koma kan Bankak, manhajar Bankin Khartum. Ta nan 'yan uwa da ke Saudiyya da Masar suke aiko da taimako, ta nan kuma matasa masu dafa abincin sadaka a unguwanni suke karɓar gudummawa. Da sabis ya ɗauke, tukwane da yawa suka sauka daga murhu.

Abin tambaya a nan shi ne, yaya za a yi rufe gine-gine kaɗan a birni ɗaya ya kurmantar da ƙasa mai faɗin Sudan? Amsar tana cikin yadda ake gina layukan waya. Turken da kake hange a bayan kasuwa ɗan aike ne kawai. Kafin ya haɗa ka da maƙwabcinka, sai ya tuntuɓi babbar cibiya wadda ke ajiye da bayanin layinka da abin da ya rage maka na kati. A Sudan waɗannan cibiyoyi a Khartum aka tara su. Kamar kasuwa ce mai rumfuna dubu amma ƙofarta ɗaya, wanda ya riƙe makulli ya riƙe kowa. Sai da kamfanonin suka kafa wasu na'urorin a Port Sudan sannan sabis ya fara dawowa, Sudani a cikin Fabrairun, Zain kuma a watan Maris.

A wannan tsakanin ne farantan Starlink, kamfanin attajirin nan na Amurka Elon Musk, suka cika gari, ana shigo da su ta ɓarauniyar hanya daga Chadi da Libiya da Sudan ta Kudu, alhali kamfanin ba shi da lasisi a ƙasar. A Omdurman da sauran wurare mutane kan taru a gindin faranti ɗaya domin su duba ko an turo masu kuɗi. A yankunan RSF kuwa abin ya zama sana'a, ana biya a kan sa'a, masu bindiga kuma suna karɓar nasu kason. Sai ga shi a watan Afrilun 2024 kamfanin ya sanar cewa zai rufe sabis a ƙasashen da bai da izini, har ƙungiyoyin agaji kusan ɗari suka fito suna roƙon kada a yanke wa mutanen Sudan. Nan aka gane cewa an fita daga hannun mai makulli ɗaya an faɗa hannun wani.

Ire-iren waɗannan matsaloli ne suka sa masu binciken sadarwar kwamfuta suka ƙara maida hankali kan tambayar da a da ba ta cika damun kamfanoni ba. Shekara da shekaru gasar ita ce wa ya fi sauri. Yanzu ana tambayar wace hanya ce za ta ci gaba da aiki idan wuta ta ɗauke, ko aka datse waya, ko aka ƙwace cibiya.

Hanya ta farko ita ce wayar hannu ta yi magana da tauraron ɗan Adam kai tsaye, ba faranti ba turke. Tsofaffin taurarin sadarwa suna nisan kilomita kusan 36,000, na Starlink kuwa kimanin kilomita 550, shi ya sa abin ya zama mai yiwuwa. An shigar da wannan tsari cikin ƙa'idojin wayoyin duniya a 2022, kuma a watan Maris na 2025 MTN da kamfanin Lynk suka gwada kira ta tauraro da wayar hannu ta yau da kullum a Afirka ta Kudu. Amfaninsa ga direban da ke tsakiyar daji a bayyane yake. Sai dai abin da tauraro ke iya ɗauka kaɗan ne idan aka kwatanta da turke, kuma maɓallin kashewa yana hannun kamfanin waje da gwamnatin da ta ba shi izini. Guntun gatarinka dai ya fi sari ka ba ni.

Ta biyu ita ce sadarwar da ke miƙa saƙo hannu da hannu, wayarka ta ba ta kusa da ita, ita ma ta miƙa gaba, har ya isa. A 2025 Jack Dorsey, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Twitter, ya fito da manhajar Bitchat mai aiki ta Bluetooth ba tare da intanet ba. Irin wannan ya dace da cunkoso kamar na Kasuwar Libiya da ke Omdurman ko ranar kasuwar Maigatari, amma da an bar gari saƙo ya tsaya, kuma yana cin batir. Babban yayansa shi ne sadarwar da al'umma ke ginawa da kanta, kamar Zenzeleni a ƙauyen Mankosi na Afirka ta Kudu, inda ƙungiyar mutanen gari ke tafiyar da nata layin da hasken rana. A Kano ma cibiyar CITAD ta jima tana kiran a sauƙaƙa wa al'ummomi kafa irin wannan.

Ta uku kuwa ba baƙuwa ba ce ga duk wanda ya taɓa ba direban tasha wasiƙa. Na'ura ta ajiye saƙo, ta tafi da shi, idan ta haɗu da wata ta miƙa. An ƙirƙiro dabarar ne domin magana da kumbunan sama jannati, an kuma fitar da sabuwar ƙa'idarta a Janairun 2022. Tun farkon shekarun 2000 aka gwada makamancinta a ƙauyukan Indiya da motocin safa, a Kambodiya kuma da babura. Ba za ta yi kira ba, amma za ta kai farashin hatsi, da rasit, da saƙon murya.

Ta huɗu, wadda ta fi shafar aljihun ɗan kasuwa, ita ce biyan kuɗi babu sabis. Matsalar da masana ke kokawa da ita ɗaya ce: idan banki ba ya gani, me zai hana mutum ya kashe kuɗi ɗaya sau biyu? Maganin da ake bi shi ne a kulle ɗan kuɗi a cikin kati ko waya, a kuma ƙayyade adadinsa. Babban bankin Indiya ya ba da izinin irin wannan a Janairun 2022, na ƙananan kuɗi kawai. Ke nan zai sayi tumatir, amma ba zai sayi tirelar wake ba tukuna.

Duk waɗannan ba za su maye gurbin aikin gwamnati da kamfanoni ba, wato rarraba cibiyoyi a garuruwa daban-daban, da samar masu da wutar sola, da yawaita hanyoyin fita waje. Port Sudan ɗin da aka koma, inda wayoyin ƙarƙashin teku irin su EASSy suke fitowa, ita ma jirage marasa matuƙa sun kai mata hari a Mayun 2025, bayan sojoji sun ƙwato Khartum a watan Maris.

Kada wani ya ce Sudan da nisa. Hanyar da kakanninmu suka bi zuwa Makka ta nan ta ratsa, kuma 'yan uwanmu Hausawa suna nan a Omdurman da Mai Wurno da Gadarif. Mu ma mun ɗanɗana. A Satumbar 2021 an rufe layukan waya a Zamfara da sassan Katsina da Sakkwato saboda 'yan bindiga, mutane suka riƙa tafiya mai nisa neman sabis. A farkon 2023 ƙarancin takardun Naira ya tura kowa ga tiransifa, manhajojin bankuna suka riƙa cijewa. Ranar 14 ga Maris, 2024 kuma wayoyi huɗu suka lalace a ƙarƙashin teku daura da Kwaddebuwa, masu POS da yawa suka yi zaman jiran alat.

Saboda haka, Alhaji, kafin masana su kammala bincikensu, akwai abin da ke hannunka. Ka riƙe layuka na kamfanoni biyu, idan da hali har da na tsallaken iyaka. Kada jarinka duka ya kwana a banki ɗaya ko manhaja ɗaya. Littafin bashi da lambobin abokan ciniki su kasance a takarda. Shugabannin kasuwannin Jibiya da Illela da Ƙonni da Ɗan Isa kuma su zauna su duba yiwuwar haɗa kuɗi a kafa sola da faranti na ƙungiya, tunda Starlink na aiki bisa lasisi a Nijeriya tun 2023, a Nijar kuma tun 2025. Su kuma tambayi bankuna da kamfanonin waya, a rubuce, wane tanadi suka yi wa ranar da babbar cibiyarsu za ta tsaya.

Masu iya magana sun ce idan gemun ɗan uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Allah Ya kawo wa Sudan zaman lafiya, mu kuma Ya kare mana dukiya da mutunci, amin.