Ra'ayinmu: A Kira Aikin Keke Da Sunansa, Na Hannu Da Sunansa

Duk wanda ya taɓa zaman rumfar tufafi, a Maigatari ne ranar Alhamis ko a babbar kasuwar Maraɗi, ya san inda hannun mai saye yake fara zuwa. Kafin ya dubi faɗin riga ko tsawonta, wuya yake kamawa, ya shafa aljihu, sannan ya ɗago kai ya ce, "Alhaji, wannan aikin hannu ne?" A kan amsar wannan tambaya muke son mu yi magana da ƴan uwanmu ƴan kasuwa, domin mun lura kalmar "na hannu" ta fara yin arha a bakin wasu daga cikinmu.

Mu fara duba mene ne namu a jikin babbar riga. Shadda dai ba tamu ba ce. Mai tsadar, irin su Getzner, daga ƙasar Ostiriya take zuwa, mai sauƙin kuɗin kuma daga Sin. Zaren aikin ma yawancinsa na waje ne. Masaƙun Kaduna, waɗanda aka buɗe ta farkonsu a 1957, akasarinsu sun rufe a shekarun 2000. A shekarun baya dilolin yadi sukan sauka a Kwatano, su bi ta Gaya zuwa Maraɗi, su tsallaka har Kantin Kwari a Kano, mu kuwa ɗan abin da ke tsakanin sari da sayarwa kawai muke tsinta. Abin da ya rage namu na kanmu, wanda kuɗinsa ke shiga gidajen mutanenmu kai tsaye, shi ne adon da aka ɗora wa yadin: aikin wuya, aikin aljihu, rini da bugu.

Wanda bai taɓa bin riga daga farkonta ba zai zaci aikin mutum ɗaya ce. Alhali kuwa bayan tela ya yanka ya haɗa, sai ta je hannun mai zayyana, wanda sau da yawa malami ne ko almajiri mai hannun rubutu, ya fitar da zane a kan yadin. Aska biyu ce ko aska takwas, wato tsinayen nan masu kama da bakin wuƙa da ke gangarowa daga kafaɗar hagu zuwa kan aljihu. Ga tambari, da'irar da ke zaune a ƙirjin dama, da ƴar uwarta a baya. Ga dagi, ga linzamin da ke riƙe wuya don kada ya yage. Daga nan mai ɗinki ya ɗauki allura ya bi zanen, yana huda ƙananan idanu yana zagaye kowanne da zare. Riga mai cikakken aiki takan ci makonni, wata har watanni. Bayan haka a sa mata shafi a ƙasa, a kai wa mai bugu ya fito da ƙyallinta. A da, da zaren tsamiya ake wannan aiki, da alharinin da fatake ke ɗaukowa daga Tarabulus ta hamada. A birnin Zariya, wanda ya yi suna a kan wannan sana'a, aikin maza ne tun asali, amma daga baya matan aure suka shige shi sosai daga cikin gidajensu, kuma da shi da yawansu ke ci da ƴaƴansu.

Kada a yi mana gurguwar fahimta, ba mu da faɗa da keke. Keken surfani da injin kwamfuta sun sa ɗan talaka ya sa riga mai ado ranar Salla, abin da a zamanin kakanninmu sai sarauta da attajirai. Yaron da ke zaune a kan keken nan shi ma ɗanmu ne, gumin kansa yake ci. Inji kan gama cikin sa'o'i abin da allura za ta kai wata tana yi, don haka kuɗinsa kaɗan ne, kuma haka ya kamata.

Inda gizo ke saƙa shi ne a ɗauko aikin inji a laƙaba masa sunan aikin hannu, a karɓi kuɗin aikin hannu. Akwai ma wata dabarar da ta fi wannan wuyar ganewa: a bar inji ya cike jikin aska da tambari, sannan a ba wani yaro ya bi bakin wuya da allura, domin in mai saye ya tambaya a ce masa "akwai hannu a ciki," a ga kamar ba a yi ƙarya ba. A hula ma haka. Zanna bukar ta gaske, irin wadda Maiduguri da Bama suka shahara da ita, mai ɗinki kan ɗauki makonni a kanta, amma ga ta inji nan an jera su a faifai ɗaya, suna ɗaya, sai wanda ya san kan abin. Wannan algus ne, ba shi da bambanci da zuba tsakuwa a buhun gero, kuma kowa ya san matsayinsa a addini.

Wasu za su ce ai kasuwa ido ce, wanda bai iya saye ba shi ya jiyo. Wannan magana da ta yi daidai in da mai saye maƙwabcinka ne mai iya dawo maka da kaya gobe. Amma cinikinmu na kan iyaka ba haka yake ba. Mai sari daga Agadas ko Tawa yakan ɗauki riga ashirin ya yi tafiyar kwana, sai bayan wanki biyu zaren ya fara zuba, takardar da aka manna a bayan aikin ta fara leƙowa. Ba zai dawo ya yi rigima ba. Sauya rumfa zai yi, kuma ya gaya wa na bayansa. Idan ba mu manta ba, lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta daga watan Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da kuma rufewar da ta biyo bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024, ba kowa ke iya zuwa ya ga kaya da idonsa ba. Ciniki ya koma ta wayar salula da saƙon direba. Waɗanda suka ci gaba da samun oda a lokacin su ne waɗanda in sun ce "na hannu ne" ba a sake tambaya.

Wani hanzari ba gudu ba, mai allurar ma muna cutarsa. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023, mai riƙe da sefa yana shiga Kano ko Zariya da ƙarfinsa. To, nawa ne daga cikin wannan rangwame ya isa hannun matar da ta yi wata guda tana sunkuye a kan aljihun riga? Sau da yawa ma sai an sayar ake biyanta, bayan dillali ya cire nasa. Idan kuma muka cika kasuwa da na inji da sunan na hannu, dole farashin na gaskiyar ya faɗi, ita kuma ta ajiye allura, ƴarta ba za ta koya ba. Mun ga irin haka a gini. Zanen bango da zankwayen da ke kan tsofaffin gidajen unguwar Birni a Damagaram har gobe baƙi na tsayawa kallonsu, tsohon garin Agadas ma ya shiga jerin kayan tarihin duniya na UNESCO a 2013, amma je ka nemi maginin da zai yi maka irin wannan zane a sabon gida, ka ga yadda za ka sha yawo.

Saboda haka muna kira ga sarakunan kasuwa da shugabannin ƙungiyoyin masu tufafi na ɓangarorin biyu da su tsayar da suna uku da farashi uku: na hannu, na keke, da gauraye. Wanda aka kama ya sauya suna, a sa shi ya mayar da kuɗi a gaban jama'a, kamar yadda ake yi wa mai tauye mudu. Masu ba da aiki kuma su riƙa ba da kuɗin zare da rabin lada tun farko.

Ku kuma masu sari, kada kunya ta hana ku juya riga. Bayan aikin inji yakan fito da zaren ƙasa a shimfiɗe, kowane ɗinki daidai da ɗan uwansa, sau da yawa da sauran takarda ko ƙyalle a manne. Bayan aikin hannu kuwa za ku ga ƙulli nan da can, da inda zare ya ƙare aka ɗora wani, kuma idanun ba sa zama girma ɗaya. Ku duba tsakiyar tambari da tsinin aska, kada ku tsaya a bakin wuya.